Daga Takobi Zuwa Harshe: Yaƙi da Kasada a Ƙagaggun Labaran Abubakar Imam

Gabatarwa

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, da ƙauyukan da ke cikinta irin su Maruta, a yau tana cikin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991. Amma a ƙarni na 19 ita ce bakin iyakar Kano ta kudu maso gabas, kuma wanda ya zauna a bakin iyaka a wancan zamani da ido ɗaya yake barci. Tun wajen 1846, sa'ad da Malam Hamza da waɗansu malamai suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano a kan haraji, suka shige duwatsun Ningi, mutanen wannan yanki suka shiga zaman ɗarɗar na harin Ningawa, wanda bai yanke ba sai da Turawa suka isa Ningi a 1902. A cikin wannan hali ne kuma aka yi Yaƙin Basasar Kano daga 1893 zuwa 1895, inda Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, wadda ba ta da nisa da Birnin Kudu. Ga mutanen da suka ga irin wannan zamani, labarin yaƙi shi ne tarihin gida: wane aka kama a gona, wane ya tsare ƙofar gari, wane ya tafi bai komo ba.

To, shekara 30 bayan an ajiye takobi, sai aka ce wa 'ya'yan waɗannan mutane su ɗauki alƙalami su ƙaga labari da boko. Tambayar da wannan lacca za ta bi ita ce: me suka yi da gadon yaƙin da suka taras a gidajensu? Za a nemi amsar ne a wurin marubuci ɗaya, watau Alhaji Abubakar Imam, ta hanyar duban littattafansa biyu, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, tare da auna su da zamanin da ya haife su.

Kagara da Faɗuwar Kwantagora

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911, a ƙasar da ta daɗe ƙarƙashin inuwar Kwantagora. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ne ya kafa Kwantagora a shekarun 1860, kuma da doki da mashi aka kafa ta, da su aka riƙe ta. Ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, ya shahara da hare-hare a kan Gwarawa da sauran maƙwabta, har sunansa ya zama abin tsoratarwa a ƙasar Zazzau ta kudu. A watan Janairu na 1901 sojojin Gwamna Lugga suka ci Kwantagora, a wata na biye suka ci Bida. Daga nan abin ya yi ta gangarowa: Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sa'an nan ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa, suna kan hanyar hijira zuwa gabas. Waɗanda suka sake gwada ƙarfi a Satiru da Haɗejiya a 1906 sun gane cewa sulke da lifidi ba su tare harsashin bindiga mai ruwa.

Gidan su Imam gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, wansa kuma shi ne Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Wannan tazara ta shekara 21 da ke tsakanin wa da ƙane tana da muhimmanci ƙwarai ga abin da za a tattauna. Bello yaro ne mai wayo sa'ad da Kwantagora ta faɗi, ya ga zamanin da idonsa. Imam kuwa ji ya yi a bakin manya. Ya tashi a Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927, ya fita a 1932, ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Duniyar da ya buɗe ido ya gani ita ce ta Razdan da Di'o, da kotun alƙali, da takardar haraji, inda mutum yake ɗaukaka ko ya faɗi gwargwadon abin da ya iya faɗa da abin da ya iya rubutawa.

Gasar 1933

Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, aikinta na fari shi ne samar wa makarantun boko littattafan karatu ta hanyar fassara daga Larabci da Turanci. Da Dokta Rupert East ya karɓi ragamarta a Zariya, sai ya ga ba za a sami masu sha'awar karatun boko ba muddin babu abin karantawa don nishaɗi. Saboda haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai masu tsawon kalmomi wajen 20,000. A wata maƙala da ya buga a 1936 ya bayyana irin wahalar da ya sha wajen shawo kansu, domin a ganin malamin wancan lokaci rubutu abu ne na addini da tarihi da shari'a, ƙaga abin da bai faru ba kuwa aikin tsofaffin mata ne da yara a dandali.

Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Abin lura shi ne biyu daga cikin biyar ɗin daga ɗaki ɗaya suka fito, kuma kowannensu da Kwantagora ya fara. Bello ya ɗauki jarumi mai takobi, Ganɗoki, ya sa shi ya kara da Nasara a fagen fama da sunayen sarakuna da garuruwa na gaskiya. Da tarihi ya ƙi ba jarumin nasa nasara, sai marubucin ya fitar da shi daga tarihi, ya kai shi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, suka shiga yaƙi da aljanu da matsafa, inda babu bindiga mai ruwa. Da Ganɗoki ya komo gida ya tarar duniya ta sake, sai ya zauna yana ba yara labari. Wannan ita ce amsar wanda ya ga yaƙin. Amsar ƙanensa dabam take.

Ruwan Bagaja: Kasada Ba Tare da Runduna Ba

Imam yana da shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. Tauraron littafin, Alhaji Imam, yana ba Koje Sarkin Labari tarihin tafiyarsa ne a Kwantagora. Mafarin tafiyar kuwa cin mutunci ne da aka yi a fada: ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, sarki ya ɗauki maganar izgili, ya wulaƙanta shi a bainar jama'a. Alhaji Imam ya fita duniya don ya samo ruwan, ya wanke Liman daga zargin ƙarya. Tun daga nan za a ga inda marubucin ya dosa. A zamanin Nagwamatse, wanda aka ci wa mutunci doki yake ɗaura wa sirdi. A nan kuwa abin da aka taɓa magana ce ta malami, abin da aka fita nema kuma hujja ce da za ta gaskata ta.

A dukkan garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa, ba ya tafe da runduna, ba shi da barde ko zagi. Makaminsa wayo ne da kaifin baki. Abokin karawarsa, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, shi ma haka yake, kuma fagen da suke gwabzawa shi ne kasuwa da zauren alƙali da fadar sarki da gidan yari. Yau wannan ya ɗaure wancan da makirci, gobe wancan ya rama a wani gari. Imam da kansa ya faɗi cewa ya amfana da Muƙamatul Hariri, littafin da kowane babban almajiri a ƙasar Hausa ya sani, wanda Hariri na Basra ya rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12, inda mutum biyu suke ta haɗuwa a garuruwa dabam dabam, ɗayansu yana cin abinci da fasahar harshe. Abin da Imam ya ƙara shi ne ramuwar gayya, wadda ita ce ke jan ran mai karatu: da zarar Zurƙe ya ɓace, an san zai sake ɓullowa, abin da ba a sani ba shi ne a ina, kuma wa zai kwana a ciki.

Sai a ƙarshen littafin ne aka shiga duniyar aljanu, aka samo ruwan, aka warkar da ɗan sarki. Ko a can ma, taimako da bin sharaɗi ne suka kai Alhaji Imam ga biyan bukata. Watau a littafin farko na wannan saurayi, jaruntaka ta riga ta sauka daga dantse ta koma ka.

Magana Jari Ce: Yaƙi a Bayan Fage

A 1936 aka ɗauko Imam aro daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, ya zauna tare da East, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Masu nazari sun bi sawun da yawa daga cikin labaran har zuwa Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu, Grimm. Amma abin da ya shafi wannan lacca shi ne babban labarin da ya ɗaure sauran a littafi na ɗaya, domin labarin yaƙi ne.

Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, Wazirinsa ya sa rai da gadon sarauta. Da aka haifi Musa, sai burin Waziri ya rushe, ya koma ƙulla makirci. Saɓani ya tashi tsakanin Abdurrahman da Sarkin Sinari a kan maganar aure, har ta kai ga yaƙi. Sarki ya fita da runduna tare da jikansa Mahmudu, ya bar Musa a gida cikin tsaro. Musa kuwa ransa yana wurin Mahmudu da fagen fama, Waziri kuma babu abin da yake so kamar yaron ya fita daga gidan ya hallaka. Wanda ya tsaya tsakanin Musa da ƙofa shi ne aku, tsuntsun da aka saya a hannun wani Balarabe. Kullum Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ja shi da labari har lokaci ya ƙure. Haka aka yi ta yi har sarki ya komo da nasara, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku Waziri a madadinsa.

Wannan zubi ba Imam ne ya ƙage shi ba. Asalinsa wani tsohon littafi ne na Indiya mai labaran aku 70, wanda Nakhshabi ya mayar da shi Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, wani falke ne ya yi tafiya, matarsa ta so fita wurin kwarto, aku ya riƙa tsare ta da labari kowane dare. Akwai ma wata tsuntsuwa da ta gaya wa matar gaskiya gatsal, matar ta kashe ta nan take, abin da ya koya wa aku cewa mai iko ba a ce masa kada ka yi. To, a dubi abin da Imam ya sauya. Ya cire matar falke ya sa ɗan sarki. Ya cire kwarto ya sa fagen fama. Sha'awar da ake tsare mutum daga gare ta, wadda za ta kai shi ga halaka, ta zama sha'awar hawa doki a tafi yaƙi. Marubucin da aka haifa shekara goma bayan faɗuwar Kwantagora, shekara takwas bayan Burmi, shi ne ya yi wannan sauyi, kuma ya yi shi ne a littafin da aka shirya don 'ya'yan sarakuna da na malamai da ke makarantun boko.

Ta fuskar jan rai kuma, dabarar tana da hawa biyu. Kowane ƙaramin labari yana da nasa ƙulli da warwara, amma a bayansa akwai babbar fargaba da ba ta gushewa: shin yau aku zai iya riƙe yaron? Ana can ana yaƙi, amma hankalin mai karatu yana ɗakin da tsuntsu yake magana, domin nan ne za a ci sarautar ko a rasa ta. A littafi na biyu ma, da Waziri aku ya kara da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, gasar ba da labari aka yi. A na uku kuwa aku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Daga yaƙi aka koma gasa, daga gasa aka koma makaranta, kuma kusan haka tarihin masu mulkin Arewa ya gudana daga 1903 zuwa 1939.

Miƙa Wuya ko Sauya Makami?

Akwai zargin da ya kamata a fuskanta. Hukumar da ta buga waɗannan littattafai ta gwamnatin mulkin mallaka ce, Bature ne ya tara wa Imam kayan aiki, shi ne kuma ya duba rubutun. Littafin da ke koya wa ɗan sarki ya zauna a gida ya saurari nasiha, babu shakka ya yi wa masu mulkin dai-dai. Daɗin daɗawa, a cikin babban labarin ba a taɓa gadon sarauta ba. Mugu shi ne Waziri, sarki kuwa ko ya yi kuskure, gyara shi ake yi. Wanda ya ce Magana Jari Ce littafi ne na zaman lafiya da tsarin da aka taras, bai yi ƙarya ba.

Amma rayuwar marubucin ta nuna cewa maganar ba ta tsaya nan ba. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa. Kafin shekarar ta ƙare Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka kwashi dubban samarin Arewa aka kai su Habasha, daga baya Bama, jaridar ta zama hanyar da mutanen gida ke jin labarin yaƙi na gaske. A 1943 Imam yana cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can ya sadu da Lugga, wanda a lokacin ya tsufa ƙwarai, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana illolin mulkin En'e da koke-koken matasa masu ilmin boko. Shekara 42 bayan sojojin Lugga sun ci Kwantagora, ga ɗan Kagara yana gaya masa inda tsarinsa ya gaza. Aikin aku ke nan: gaya wa mai iko abin da ba ya son ji, ta hanyar da zai saurara.

Saboda haka abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Imam ya karɓi hukuncin da tarihi ya yanke a Burmi, cewa ƙofar takobi ta rufe, amma bai yarda a zauna hannu rabbana ba. Ya nuna wa tsararsa wani makami, kuma da wannan makami ne, watau jarida da majalisa da jam'iyya, tsarar ta karɓi mulki a 1960. Abokin gasarsa na 1933, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne ya zama Firayim Minista.

Magada

Hanyoyin nan biyu da wa da ƙane suka buɗe ba su toshe ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi sawun Ganɗoki, da jarumi mai ƙarfin da ya wuce na mutane. Bayan Yaƙin Basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, bindiga ta shigo ƙagaggen labari da kanta a Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda aka buga a 1982, shekarar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya fito da labarin 'yan fasa ƙwauri. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka komar da masu karatu duniyar sadaukai da matsafa da takubba. Wannan ya nuna ƙishin labarin jarumi bai taɓa barin Bahaushe ba. Amma littattafan Imam ne suka zauna a aji, tsara bayan tsara, daga Sakkwato har Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda jikokin waɗanda suka tsare ganuwa saboda Ningawa suka karanta labarin tsuntsun da ya ceci gari da baki.

Kammalawa

An ga yadda Abubakar Imam ya gaji zamanin yaƙi ta wurin haihuwa, ya gaji zamanin takarda ta wurin tarbiyya, ya kuma haɗa su a littattafai biyu. A Ruwan Bagaja ya raba jarumi da runduna ya bar shi da wayonsa. A Magana Jari Ce ya tura yaƙin bayan fage, ya mai da tsare saurayi daga fita fagen fama ya zama shi ne babbar nasara. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981, shekara goma bayan wansa Bello. Ga al'ummar da ta sake ganin makami a hannun samarinta, daga rikicin Maitatsine a Kano a 1980 zuwa tayar da ƙayar bayan da ta taso a Barno a 2009 da ta'addancin 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina, tambayar da littafi na ɗaya ya ɗora tana nan da nauyinta: idan saurayi ya ɗaura sirdi da dare, wa ke gidan da ya san abin da zai gaya masa har gari ya waye? Allah ya ji ƙan Malam Abubakar Imam da Malam Bello Kagara, ya sa aljanna ce makomarsu, amin.